Yadda ƙungiyarku ta matasa ko ta masu fasaha za ta nemi tallafi a Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanga rubutu na yi shi ne saboda ƙananan ƙungiyoyinmu na unguwa, masu dirama, marubuta da masu waƙen baka, masu koya wa yara ɗinki ko dukanci, kulob ɗin ƙwallo, har da masu shirya muhawara da kacici-kacici a makarantu. Allah Ya sani ana aiki a garin ga, daga Mabera zuwa Gidan Igwai, Runjin Sambo, Arkilla, ko'ina ka leƙa sai ka iske samari da 'yan mata sun haɗa kai suna wani abin alheri da aljihunsu, amma da an zo maganar tallafi sai kowa ya ce ai wannan sai wanda ya san wani. To akwai inda sanayya ke aiki, ba zan musa ba, amma yawancin tallafin da ake sanarwarsa a fili ba rashin sanayya ke hana mu shi ba, takardu ne ba mu da su, kuma aikin da munka yi ba mu aje shaidarsa ba. Sanarwa za ta fito a ba da sati uku ko huɗu, rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, kaɗai ta fi haka cin lokaci, kun ga ke nan ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka rabin abin da zan faɗa a nan aikin da za ku yi ne tun babu wata sanarwa a ƙasa.

Mataki na farko: mi kuke yi?

Ku zauna ku amsa wagga tambaya tsakaninku da Allah. In amsar ta zama muna taimakon marayu da zawarawa da lafiya da ilimi da noma da yaƙi da shaye-shaye, to ba ku amsa ba tukuna. Mai ba da tallafi so yake ya ji abu ɗaya ko biyu da kunka ƙware a kai, da mutanen da kuke yi wa, da wurin. Misali: muna koya wa yara 'yan shekara 12 zuwa 18 wasan kwaikwayo, muna kai shi makarantun sakandare na Sakkwato ta Kudu. Shi ke nan. Jimla guda da kowane mamba zai iya faɗa ko da daga barci anka tashe shi.

Daga nan ku rubuta kundin tsarin ƙungiya, ko shafi huɗu ne. Suna, manufa, yadda ake shiga da fita, yadda ake zaɓen shugabanni da shekara nawa za su yi, wa ke sa hannu a fitar da kuɗɗi. Ku zaɓi ciyaman da sakatare da ma'aji, kuma don Allah kada su zama 'yan gida ɗaya, kada kuma mutum guda ya riƙe biyu. Ku sa mata cikin shugabanci na gaske, ba sunan da za a cike fom da shi ba, don in masu tallafi sunka zo ziyara za su yi musu tambaya kai tsaye, wadda ba ta san komai a kan ƙungiyar ba nan take za a gane. Kowane zama sakatare ya rubuta abin da anka tattauna, kwanan wata, waɗanda sunka halarta su sa hannu. Littafi guda mai bango mai kauri ya isa.

Mataki na biyu: takardu

Nan ne jama'a ke gajiya, nan ne kuma asalin aikin yake.

Ku fara da ta kusa. Ku je sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukumarku, ko ma'aikatar jiha da ta dace da aikinku, ta matasa da wasanni ko ta mata ko ta al'adu, ku yi rajista ku karɓi satifiket. Ku kai gaisuwa wurin mai unguwa da hakimi, ku gaya musu abin da kuke yi, ku roƙi takardar shaida cewa an san ku. Wagga takarda ta masarauta kada ku raina ta, ofisoshin jakadanci da yawa in za su tallafa wa aikin al'umma suna son ganin cewa mutanen wurin sun sani kuma sun yarda.

Sai babbar, wato CAC. Ƙungiyar da ba ta neman riba rajistar amintattu take yi, a shafinsu za ku ga an rubuta Incorporated Trustees, tana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Ba irin rajistar sunan kasuwanci ba ce da masu shago ke yi, in kunka yi waccan kunka kai wa mai tallafi zai ce ku 'yan kasuwa ne. Ana buƙatar amintattu, wato waɗanda za su riƙe amanar ƙungiya a gaban doka, aƙalla biyu, kowa ya kai shekara 18, mai hankali, wanda kotu ba ta kama shi da laifin zamba ko rashin gaskiya ba cikin shekara biyar da sunka wuce. Za a nemi NIN ɗinsu da hotuna da takardar rantsuwa, da kundin tsarinku, da rubutun zaman da anka naɗa su. Da farko za ku nemi a amince da suna, ku shirya biyu ko uku don ana ƙin wani. Sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, aƙalla ɗaya ta ƙasa, a jira kwana 28 ko wani na da ƙorafi. Wannan kwana 28 ɗin doka ce, babu lauyan da zai gajarta muku ita, duk wanda ya ce zai kawo muku satifiket cikin sati guda ku yi hattara da shi. Yawancin mutane lauya ko wakilin da CAC ta amince da shi suke ba aikin, ba laifi, amma ku tambayi mutum biyu ko uku kafin ku biya, kuma in satifiket ta fito ku shiga shafin CAC da kanku ku bincika sunan da lambar ku gani suna nan.

Wani abu da ya kamata amintattu su sani tun yanzu: cikin kundin akwai sharaɗin cewa dukiyar ƙungiya ba a raba ta tsakanin mambobi, ko da ƙungiyar ta rushe kayanta wata ƙungiya mai irin manufarta ake ba. Wanda ya shigo da tunanin wata rana za a yi kashe-mu-raba gara ya ji tun da wuri. Kuma kowace shekara akwai bayanin shekara da ake kai wa CAC, in kunka bari ya taru za a nuna ƙungiyarku ba ta aiki a shafinsu, masu tallafi kuwa suna dubawa.

Bayan CAC sai lambar haraji, TIN. Sai satifiket ɗin SCUML, wani sashe ne a ƙarƙashin EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ta intanet ake cikewa kuma kyauta ne, in kun biya wani to ladan cike fom kunka biya shi ba kuɗin hukuma ba. Bankuna na tambayarta kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Asusun ya zama da sunan ƙungiya daidai yadda yake a satifiket, harafi da harafi, masu sa hannu uku, dole biyu su sa kafin kuɗɗi su fita. Babu mai tallafin kirki da zai tura kuɗɗi asusun ciyaman, ko da kuwa limamin unguwa ne.

Ku buɗe imel da sunan ƙungiya, kalmar sirrin ta kasance wurin mutum biyu. Duk takardun ga ku ɗauke su da na'ura su fito fes, ba hoton waya mai inuwar yatsa ba, ku aje a Google Drive.

Mataki na uku: ku yi aiki da abin da ke hannunku, ku aje shaida

Wallahi wannan ya fi komai. Ba a cika ba sabuwar ƙungiya da ba ta taɓa yin komai ba kuɗɗi, fom da yawa ma za su ce sai kun yi shekara ɗaya ko biyu da rajista. To cikin wannan lokacin kada ku zauna jira. Ku sa kuɗin wata ko ɗari biyar-biyar ne, ku zuba a asusun banki ba a aljihun ma'aji ba, don takardar banki ta nuna ana shiga ana fita. Ku shirya ƙaramin abu: wasan kwaikwayo guda a makarantar unguwa, gasar rubutun waƙa ta 'yan aji uku, horon sati biyu na ɗinkin jaka da takalmi wurin dukawa. Ai Sakkwato ba ta rasa abin nunawa ba, fatar jar akuyarmu duniya ta san ta, ga rubuce-rubucen ajami a gidaje, ga kokawa da dambe, ga waƙoƙin mata na daka da na biki da ke ɓacewa a hankali don babu mai naɗarsu.

Kowane taro ku yi takardar halarta mai suna da shekaru da jinsi da sa hannu. Ku ɗauki hoto ana cikin aiki, ba hoton da kowa ya jeru gaban bana, wato ƙyallen tallan taro, ya harɗe hannu kaɗai ba. Ku karɓi rasit na komai, in mai kaya ba shi da rasit ku rubuta takarda ya sa hannu da lambar waya. Bayan an gama ku rubuta rahoton shafi ɗaya: mi anka yi, mutum nawa, nawa anka kashe, mi ya fito. Ku roƙi shugaban makarantar ya ba ku takardar godiya mai hatimi. In Rima Radio ko wata tashar FM ta ɗauki labarin ku aje muryar. Ku sa a shafin Facebook na ƙungiya da kwanan wata. Irin waɗanga guda huɗu ko biyar sun fi dogon Turanci amfani a cikin furofozal, wato takardar neman tallafi.

Tunda da yara kuke aiki, ku rubuta ƙa'idar kare yara, ko shafi biyu ne, kowa ya sa hannu. Babba ba ya keɓewa da yaro ko yarinya, ana tashi kafin magariba, 'yan mata malama ce ke tare da su, ba a ɗaukar hoton yaro a yaɗa sai da iznin iyaye a rubuce, in wani abu ya faru ga wanda za a gaya wa. Masu tallafi na tambayar wagga takarda, amma ko ba su tambaya ba ɗiyan mutane ne anka ba ku amana.

Mataki na huɗu: ina tallafin yake

Ku fara daga gida. 'Yan kasuwar unguwarku, tsofaffin ɗaliban makarantar da kuke aiki, 'yan majalisarku, shugaban ƙaramar hukuma, kamfanoni irin na siminti da ke Kalambaina da bankuna da kamfanonin waya duk suna da abin da suke warewa don al'umma. In aikinku ya shafi marayu ko koya wa marasa galihu sana'a, ku kai takarda Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha ku ji tsarinsu. Ba dole sai kuɗɗi ba, wani zai ba ku ɗakin taro, wani kujeru, wani keken ɗinki, duk ku rubuta ku ƙiyasta kuɗinsa. Sai dai ɗan siyasa in ya ba ku ku karɓa da rasit da takardar godiya, amma kada ku yarda ƙungiya ta koma ta kamfe, ranar da kunka sa hular jam'iyya a bana ɗinku kun rufe wa kanku ƙofofi masu yawa.

A cikin Najeriya akwai gidauniyar TY Danjuma, ita lafiya da ilimi ta fi ba ƙarfi. Akwai ACT Foundation a Legas. Akwai Nigeria Youth Futures Fund da LEAP Africa ke gudanarwa da kuɗin gidauniyar Ford da ta MacArthur, wanda don ƙungiyoyin matasa anka kafa shi. Ita gidauniyar Tony Elumelu da kowa ya sani, mai dala 5,000, jarin kasuwanci take ba mutum, ba tallafin ƙungiya ba ne, kada ku haɗa su.

Ofisoshin jakadanci a Abuja suna da ƙananan tallafi na al'umma. Kanada na da Canada Fund for Local Initiatives, Ostareliya na da Direct Aid Program, Japan na da nata na ayyukan karkara wanda ya fi karkata ga gini da kayan aiki kamar ajujuwa da ruwa, Jamus ma na da na ƙananan ayyuka. Amurka na da asusun jakada na adana kayan tarihi tun 2001, wanda ya taɓa tallafa wa aiki a kurmin Osun-Osogbo. Duk wanda zai nemi kuɗin gwamnatin Amurka sai ya yi rajista a SAM.gov ya sami lambar shaidar ƙungiya da ake kira UEI, kyauta ce amma tana cin makonni. Ku sani kuma tun da anka rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, a 2025 manyan ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗinta a jihar ga sun dawo suna neman ƙananan tallafin da a da ba su kallo, don haka gasar ta ƙara zafi, kuma shirye-shiryen ga wata shekara a buɗe wata a rufe, shafin ofishin da kansa za ku riƙa dubawa.

Masu fasaha kuma, akwai British Council da Goethe-Institut. Akwai Prince Claus Fund ta ƙasar Holan mai ba matasan masu fasaha yuro 5,000 kowane, mutum ɗaya ke nema ba ƙungiya ba. Akwai African Culture Fund da ke Bamako. UNESCO na da asusun bunƙasa al'adu da ke kai wa dala 100,000, amma wannan sai ƙungiyar da ta yi ƙwari, kuma ta hannun hukumar UNESCO ta ƙasa ake tacewa. Masu sha'awar tsofaffin littattafan ajami da na Larabci, ɗakin karatun Birtaniya na da shirin Endangered Archives na ɗaukar hoton takardun da ke lalacewa, irin wannan ba ku kaɗai za ku nema ba, ku haɗa kai da malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu.

Shawarata ga ƙaramar ƙungiya: kafin ku hango Abuja ku nemi babbar ƙungiyar da ke aiki a nan ku zama abokan aikinta. UNICEF na da ofis a Sakkwato mai kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kuma akwai shafin UN Partner Portal da ƙungiyoyi ke rajista don a san da su. Mai aikin rigakafi ko sa yara makaranta yana buƙatar 'yan dirama da za su je kasuwar ƙauye su isar da saƙo da Sakkwatanci, ku kuma kun iya. Daga irin wannan ƙaramar kwangila ake koyon yadda ake rahoto da lissafi, kuma a sami wanda zai tsaya muku shaida gobe.

Mataki na biyar: karanta sanarwa kafin a taɓa biro

Ku buga ta a takarda, mutum biyu su karanta daga farko har ƙarshe. Jihar Sakkwato na ciki? Ƙungiya irin taku ta cancanta? Shekara nawa da rajista? Mafi ƙaranci da mafi yawan kuɗin? Mi sunka ce ba su biya, gini, mota, albashi, aikin addini ko na siyasa? Ranar rufewa da ƙarfe nawa, kuma agogon wace ƙasa? In sharaɗi guda bai hau kanku ba ku haƙura ku jira wata, tun a tacewar farko ake zubar da irin waɗannan ba tare da an karanta ba. Kada kuma ku canza manufarku don kuɗɗi, ku 'yan dirama ne yau kun ga sanarwar noman rani kun zama manoma.

Mataki na shida: rubuta furofozal

In sun ba da fom, fom ɗinsu za ku cika, kada ku tura naku tsarin. In sun ce kalma 300 to 300. Ku fara tattauna amsoshin da Hausa a zaman ƙungiya, ku rubuta, sannan wanda ya iya Turanci ya juya, ta haka abin zai fito daga cikinku kuma ranar da anka kira ciyaman a waya zai iya bayani. Turanci mai sauƙi ya isa, ba gasar nahawu ake ba.

Wurin bayanin matsala ne akasari ake ɓata shafi. Kada ku fara da Najeriya ƙasa ce mai yawan jama'a, sun sani. Ku faɗi abin da ke unguwarku wanda ku kunka gani kunka ƙirga. Ku zaga ku tambayi gidaje hamsin ko ɗari, yara nawa sunka gama firamare ba su wuce ba, nawa ke da sana'a, ku rubuta cewa mu munka yi wannan ƙidaya a wata kaza. In za ku kawo alƙaluman gwamnati ko na UNICEF ku faɗi inda kunka samo da shekarar. Kada ku ƙirƙiri lamba, kuma kada ku zubar da mutuncin mutanenku don a ji tausayi, ku faɗi matsalar ku faɗi kuma abin da mutanen ke da shi, akwai gwanayen dukawa da ke shirye su koyar, akwai makarantar da ta ba da aji.

Sai manufa, ita kuma ta zama abin da za a iya aunawa. Wayar da kan matasa ba a auna shi. Amma yara 30, mata 15 maza 15, za su koyi yanka da ɗinkin jaka da takalmi cikin wata uku, aƙalla 20 za su iya haɗa kaya su kaɗai har a sayar, wannan kowa zai iya zuwa ya duba. Ku yi alkawarin abin da za ku iya, in 30 za ku iya kada ku rubuta 500.

Sai jadawalin aiki wata-wata, kuma ku yi shi da kalandar garin ga. Ku duba ina azumi da salla za su faɗo, zafin Afrilu da Mayu ba a tara yara da rana tsaka, damina 'yan ƙauye na gona, lokacin WAEC da NECO ba za ku sami 'yan aji shida ba. Akwai wurin da za a tambaye ku haɗurran da aikin ke iya fuskanta, ku faɗi gaskiya. In aikin zai kai ku gabashin jiha wajen Isa ko Sabon Birni ko Goronyo, ku rubuta matsalar tsaro da yadda za ku yi, ko ku yi amfani da mutanen wurin, ko a kawo mahalarta cikin gari. Mai karantawa ya san labarin, in kunka ɓoye zai ga kamar ba ku san wurin ba.

Tambayar da ke kayar da mutane ita ce: in kuɗinmu sun ƙare yaya aikin zai ci gaba? Kada ku ce za mu nemi wani tallafi. Ku ce kayan aikin na nan a hannun ƙungiya, waɗanda sunka koya za su koyar da na baya, kaso kaza na cinikin jakunkuna zai koma sayen fata, makaranta ta yarda kulob ɗin dirama ya zauna. Abin da za ku iya yi da gaske dai.

Mataki na bakwai: bajet

Kada ku zauna a ɗaki ku ƙiyasta farashi, ku shiga kasuwa ku tambayo, babban kaya ku karɓo takardar farashi daga shago uku. Kowane layi ya nuna lissafinsa. A ce horon dukancin nan ne, sati 12, zama biyu a sati, zama 24 ke nan. A ce alawus ɗin malami N5,000 a zama, malamai 2 sau 24 sau 5,000 ya ba da N240,000. A ce ruwa da ɗan abin taɓawa N500 kowane yaro, 30 sau 24 sau 500 ya ba da N360,000. Kun ga abin taɓawa ya fi kuɗin malamai, irin wannan sai an baje lissafi ake gani, sai ku zauna ku sake shawara ko a rage shi a ƙara fata da zare da almakashi. Bajet ɗin da rabinsa abinci da bana da riguna da hayar ɗakin otal ne ba ya burge kowa.

Duk abin da ke cikin bajet ya kasance an ambace shi cikin aikin, duk aikin da kunka ambata kuma ya sami layinsa. Kuɗin gudanarwa kamar data da man janareta da cajin banki ku sa, amma ku duba iyakar da sunka yarda, wasu kashi 10 cikin 100 ne. Ku nuna gudummawarku, ɗakin da anka ba ku kyauta, lokacin 'yan sa-kai, kujerun da kuke da su. In da dala ko yuro za a rubuta ku faɗi canjin da kunka yi amfani da shi da ranar. Kuma ku tambaya ko an yarda a sa ɗan kaso na ko-ta-kwana, don tsakanin ranar rubutawa da ranar da kuɗɗi za su shigo ana iya yin wata shida, farashi kuwa kun san halinsa. A Excel za ku yi, wani daban ya sake tarawa da kalkuleta.

Turawa: kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, saboda netwok da wuta. Takardu su zama PDF, kowace da sunanta, ta imel ɗin ƙungiya, ku aje kwafi da saƙon da ya nuna ya shiga. Sannan a riƙa duba imel ɗin har da akwatin spam, wani lokaci sukan nemi ƙarin takarda su ba da kwana biyu kacal.

Maganar 'yan damfara

Tallafin gaskiya ba a sayen fom ɗinsa. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin rajista ko na tantancewa ko na sakin kuɗɗi, ɓarawo ne. Duk link ɗin WhatsApp da ya ce tura wa guruf biyar kafin ka ci gaba, ƙarya ne. Ba a ba kowa lambar da banki ya turo ta waya ko lambobin katin ATM. In kun ga sanarwa ku je asalin shafin hukumar ku gani ko tana can. Masu cewa za su rubuta muku furofozal a ba su kaso in kuɗɗi sun fito, wannan ma matsala ce, don babu layin da za ku sa shi a bajet, ƙarshenta sai an yi rasit na ƙarya a cike gurbin. In za ku ɗauki mai rubutu ku biya shi ladansa daga aljihun ƙungiya, kuma ku zauna tare da shi.

In an dace

Ku karanta yarjejeniyar a zaman ƙungiya kafin a sa hannu, kowa ya ji nawa ne kuma na mi ne, ɓoye adadin shi ke fara raba kan mutane. Ku koma ku gaya wa mai unguwa da iyayen yara. Kuɗɗi sau da yawa kashi-kashi suke zuwa, ba a sakin na biyu sai an ga rahoton na farko. Ku riƙa biya ta taransifa gwargwadon iko, kowane biya da takardar neman izni mai sa hannun mutum biyu da rasit a manne, ma'aji ya rubuta a ranar ba ƙarshen wata ba. Ba a ranta wa kowa kuɗin aiki, ko na kwana ɗaya ne, ko biki ko suna ko rashin lafiya, wannan ku yi masa asusun taimakon juna daban daga kuɗin watanku.

In farashi ya tashi ko kuna son ɗauke kuɗɗi daga wani layi zuwa wani, ku rubuta imel ku nemi izni kafin ku taɓa, yawanci suna yarda in an tambaya da wuri. A rahoto ku faɗi abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba, in yara 30 sunka fara 24 sunka gama ku rubuta 24 da dalilin sauran shidan. Canjin da ya rage ku bayyana shi ku tambayi yadda za a yi da shi. Fayil ɗin rasit ku adana shi shekaru, don odita, mai binciken lissafi, na iya zuwa bayan an daɗe da gamawa.

In kuma ba a dace ba, wanda shi ya fi yawa musamman a farko, ku tura gajeren saƙon godiya ku tambaya ko za su faɗa muku inda kunka gaza, wasu na amsawa. Furofozal ɗin ku aje shi, bayanin ƙungiya da ƙidayar unguwa da bajet duk za su yi muku aiki a sanarwa ta gaba, farashi da kwanan wata kawai za ku sabunta. Ku sa mutum guda cikin ƙungiya aikinsa ke nan, kowane sati ya zaga shafukan da na lissafa ya rubuta watan da kowanne ke buɗewa, don da yawansu kusan lokaci guda suke fitowa kowace shekara.